Motoci Tara da Gobara Ta Ci: Tarihin Sake Ƙera Tsofaffin Motocin Tsere

A yammacin ranar 12 ga Fabrairu 1957 gobara ta tashi a masana'antar Jaguar da ke Browns Lane, a birnin Coventry na ƙasar Ingila. Kafin a shawo kanta ta lashe wani babban sashe na ginin da ɗimbin motocin da ke ciki. Daga cikin abin da ya salwanta akwai motoci 9 na wani samfuri da ake kira XKSS. Kamfanin ya yi niyyar fitar da guda 25, amma 16 kaɗai suka tsira, aka rufe littafin samfurin a nan. Sai a 2016, bayan shekara 59, Jaguar ya sanar da cewa zai ƙera waɗannan motoci 9 da wuta ta ci, da hannu, kamar yadda ake yi a 1957, ya kuma buga musu lambobin shasin wancan zamani. Kowace ɗaya farashinta ya haura fam miliyan 1, kuma duk sun sami masu saye.

Motar da aka haɗa a ƙarni na 21 amma take ɗauke da lambar 1957, tsohuwa ce ko sabuwa? Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan masu tara motoci da kamfanoni da alƙalai, domin a kanta miliyoyin kuɗi ke hawa su sauka.

Daga filin tsere zuwa titi

XKSS asalinta motar tsere ce mai suna D-type, wadda Jaguar ya fito da ita a 1954 don gasar Le Mans ta Faransa, inda motoci ke gudu awa 24 ba tsayawa sai shan mai da gyara da sauyin direba. Wanda ya zana siffarta, Malcolm Sayer, ya yi aiki a masana'antar jiragen sama kafin ya zo Jaguar, shi ya sa jikinta ya fito sumul kamar na jirgi, da wani fiffike a tsaye bayan kan direba don ta daidaita a tsananin gudu. D-type ta lashe Le Mans sau uku a jere: 1955, 1956 da 1957. Nasarar farko ta zo cikin jimami, domin a wannan tseren ne motar Mercedes ta Pierre Levegh ta afka cikin 'yan kallo, mutane fiye da 80 suka rasu. A 1957 kuwa, motocin D-type ne suka zo na ɗaya zuwa na huɗu, da kuma na shida.

Duk da wannan ɗaukaka, D-type ba ta yi kasuwa ba. A ƙarshen 1956 Jaguar ya janye tawagarsa daga tsere, ga kuma motoci jibge a masana'anta babu mai saye. Dabarar da aka yi ita ce a mayar da su motocin titi don kasuwar Amurka: aka cire fiffiken, aka ƙara ƙofar fasinja, aka sa cikakken gilashin gaba da bamba da rufin da ake naɗewa. Wannan ita ce XKSS, kuma ɗan fim Steve McQueen na cikin waɗanda suka mallaki ɗaya. Abin lura a nan shi ne, a wancan lokaci tsohuwar motar tsere kaya ce da ya kwanta. Da zarar sabon samfuri ya fi ta gudu, darajarta ta zube. A sayar da ita da araha, ko a kwance ta a yi gyaran wata da kayanta.

Yadda kwaikwayo ya zama sana'a

Daga shekarun 1970 lamarin ya juya. Yaran da suka ga waɗannan motoci a filin tsere sun girma sun yi kuɗi, motocin kuma sun yi ƙaranci. Abin da ba ya samuwa a kasuwa sai a nemi maƙeri. A Ingila wani ƙaramin kamfani mai suna Lynx, wanda ya ƙware a gyaran tsofaffin Jaguar na tsere, ya fara ƙera D-type sabuwa fil: jiki na alminiyam da aka buga da hannu, inji da giya da birki kuma daga E-type, wadda a lokacin ake samu da sauƙi. A Amurka abin ya fi ƙarfi a kan Cobra, motar da Carroll Shelby ya samar a 1962 ta hanyar ɗora injin Ford mai silinda 8 a ƙaramin jikin AC Ace ta Ingila. Kusan 1,000 aka ƙera zuwa 1967, amma a yau na kwaikwayo sun ninka na asali nesa ba kusa ba. Da yawa ana sayar da su a warwatse, mai saye ya haɗa abarsa a garejinsa.

Wasu kuma sun bi hanyar sayen haƙƙi. Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a 1957, kuma da Lotus ya gaji da ita, kamfanin Caterham ya sayi izinin ci gaba da ƙera ta a 1973, har yau bai daina ba. A birnin Paraná na Ajantina, masana'antar Pur Sang tana ƙera Bugatti Type 35 ta 1924 tun daga inji har ƙafafu, da irin hanyoyin aikin da aka bi a wancan zamani. Waɗannan wurare sun raya wata sana'a da manyan masana'antu suka watsar: lanƙwasa faifan alminiyam da guduma a kan ƙirar katako har ya ɗauki siffa. Ba don su ba, da masu iya wannan aiki sun ƙare tare da tsofaffin da suka koya a shekarun 1950.

Sai dai Hausawa sun ce kama da Wane ba ta Wane. Mai gaskiya yana sayar da kwaikwayo a matsayin kwaikwayo. Marar gaskiya kuwa yakan sami ɗan guntun ƙarfe daga motar da ta tarwatse, ya gina sabuwa a kewayensa, ya buga mata tsohuwar lamba. Ta haka ne akan wayi gari motoci biyu suna da'awar lamba ɗaya, kowace da takardunta.

Hukuncin 1990

Shari'ar da ta fi fito da wannan matsala fili an yi ta a babbar kotun Landan a 1990, a kan wata Bentley Speed Six da ake wa laƙabi da Old Number One. Ita ce ta lashe Le Mans a 1929 da 1930. Bayan haka an sake gina ta a kan sabon shasi, ta yi mummunan haɗari a filin Brooklands a 1932 wanda ya yi ajalin direbanta Clive Dunfee, aka sake gyara ta da wani sabon jiki. Wani mai tara motoci ya yi cinikin sayar da ita ga kamfanin Middlebridge a kan fam miliyan 10, sai kamfanin ya janye, yana cewa abin da ya rage na motar 1930 a jikinta bai taka kara ya karya ba.

Mai shari'a Otton ya amince cewa ba a kan ƙarfen farko take tsaye ba, amma ya ba mai sayarwa gaskiya. Hujjarsa ita ce motar tsere dama ba ta zama yadda aka haife ta, kullum cikin sauyin kaya take, kuma wannan mota tana da tarihi marar yankewa tun daga ranar farko, babu wata kuma da za ta iya da'awar sunan. Ma'ana, abin da ke sa mota ta zama ita ɗin shi ne silsilar tarihinta, ko da ƙarfen ya sauya. Wannan ma'auni ne ya bayyana dalilin da ya sa D-type da ta lashe Le Mans a 1956 ta kai dala miliyan 21.78 a gwanjo a Amurka a 2016, alhali ana iya ƙera mai kama da ita sak da kaso kaɗan na wannan kuɗi. Mai sayen ya biya ne don awa 24 da ta yi tana gudu a 1956.

Da kamfanoni suka shigo da kansu

Ganin irin kuɗin da ke yawo, masu asalin sunan suka farka. Jaguar ya koma tsofaffin littattafansa yana neman gurbi. A 1963 ya tsara E-type marasa nauyi guda 18 don tsere amma 12 ya gama, sai ya cike 6 da suka rage daga 2014. XKSS 9 suka biyo baya, sannan a 2018 ya sanar da D-type 25, bisa hujjar cewa an yi niyyar 100 amma 75 aka kammala. Aston Martin ya sake ƙera DB4 GT guda 25, Bentley kuma ya kwance ɗaya daga cikin motocinsa na Blower na 1929, ya auna kowane ƙarfe da na'ura, ya ƙera sababbi 12. Suna kiran waɗannan motoci ci gaban samfuri, don su bambanta su da kwaikwayon wasu.

Akwai abin yabo a wannan aiki. Motar da ta kai miliyoyi ba kowa ke da zuciyar sa ta a tsere ba, kuma tarukan tsofaffin motoci irin na Goodwood, da aka farfaɗo da shi a 1998, suna buƙatar injuna masu ƙara a kan hanya. Hukumar FIA ma takardar da take bayarwa don tseren tsofaffin motoci tana tabbatar da cewa mota ta dace da ƙa'idar zamaninta ne kawai, ba ta yanke hukunci a kan asalinta. Akwai kuma abin dubawa. Galibin waɗannan sababbin tsofaffi ba su cika dokokin hayaƙi da na kariyar haɗari na yau ba, don haka a ƙasashe da yawa ba a yi musu rajistar hawa titi. Masu motocin asali su ma suna ƙorafin cewa kowace sabuwa tana rage ƙarancin da ya ba tasu daraja.

In aka auna da ma'aunin mai shari'a Otton, sababbin XKSS 9 suna da suna da lamba da amincewar kamfanin da ya haife su, amma tarihinsu ya fara ne daga ranar da suka bar masana'anta. Waɗanda wuta ta ci a Browns Lane ba su taɓa taka titi ba, don haka babu wani tarihi da za a gada daga gare su face lambobi 9 da suka shekara 59 a littafin ajiya ba mota a gabansu.