Dutsen shimfiɗa

Dutsen shimfiɗa dutse ne na asali da ake yankawa fale-fale domin shimfiɗawa a tsakar gida, hanyar lambu ko matakala. Ana zaɓensa bisa taurinsa da yadda yake shan ruwa.

Giranit ya fi sauran tauri, yana kai 6 zuwa 7 a ma'aunin Mohs, kuma ba ya shan ruwa sosai, don haka ya dace da inda mota ke bi. Dutsen yashi yana da kaushi, ba ya saurin santsi, amma yana tsotse ruwa har gansakuka ta fito masa. Dutsen farar ƙasa ba ya ɗaukar zafin rana kamar baƙin dutse, sai dai abu mai tsami, ko da ruwan lemun tsami ne, yana cin sa.