Zafin Madina: Yadda masu babur ke kare injinsu da lafiyarsu

Duk wanda ya ziyarci Madina a watan Yuli ko Agusta ya san cewa da zarar ya fita daga inuwar manyan lemomi 250 da ke harabar Masallacin Annabi (SAW), iska za ta daki fuskarsa kamar an buɗe bakin tanda. A waɗannan watanni zafin rana kan kai digiri 43 a ma'aunin Selshiyos, wani lokaci ma ya zarce haka.

Maziyarci na iya komawa otal ya jira la'asar. Amma akwai waɗanda abincinsu ke kan titi, wato masu kai saƙon abinci da kaya a kan babur, waɗanda da yawansu 'yan ci-rani ne. Sana'ar ta bunƙasa a Saudiyya bayan fitowar manhajoji irin su HungerStation a 2012 da Jahez a 2016, sai kuma Keeta ta ƙasar China da ta shigo a 2024.

Injin ƙaramin babur da jikin mahayinsa duka da iska suke dogaro wajen yin sanyi. A Madina lokacin bazara iskar ba ta wadatar da ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ke ƙara wa garin zafi

Madina na zaune ne tsakanin filayen baƙaƙen duwatsu da aman wuta ya bari, waɗanda Larabawa ke kira harra. Mafi girma a kusa da ita shi ne Harrat Rahat da ke kudu, inda aka yi aman wuta a shekarar 1256 Miladiyya har narkakken dutse ya doso gari. Baƙin dutse da kwalta suna shan zafi da rana, su riƙa sakinsa har cikin dare. Kwaltar da rana ta daka kan wuce digiri 60, kuma injin babur bai fi taku ɗaya ko biyu sama da ita ba.

A tsakiyar gari, yankin da Titin Sarki Faisal ya kewaye, otal-otal ne jere da juna. Idan aka idar da salla, jama'a kan cika tituna, motocin safa na ɗaukar maziyarta, ababen hawa su koma tafiyar hawainiya. A irin wannan wuri inji ya fi wahala, fiye da yadda yake wahala a babbar hanya.

Yadda inji ke fitar da zafi

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin fetur ne kawai ke zama tafiya. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani ya zauna a jikin inji.

Ƙananan babura irin Bajaj Boxer, da aka sani a Najeriya da Nijar, ba su da lagireto. Siraran fukafukan ƙarfen da ke jikin silinda su ne ke miƙa zafi ga iskar da ke wucewa. Idan babur na tafiya, iskar na kwashe zafin. Idan ya tsaya a danja ko cikin cunkoso inji na aiki, zafin taruwa yake yi.

Alamomin farko su ne raguwar ƙarfi, da wata ƙara mai kama da ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan aka ja totur, da warin ƙonannen mai, da kuma giya da ke yin tauri. Wanda ya yi biris da su na iya ganin fistin ya kumbura ya maƙale, abin da makanikai ke cewa inji ya buga.

Matakan kare inji

Baƙin mai shi ne na farko, domin bayan santsin da yake ba ƙarafa, yana ɗauke wani kaso na zafi. Zafi mai tsanani na tsinka shi. Shi ya sa a ƙasashe masu zafi ake yawan amfani da mai mai kauri kamar 20W-50, idan littafin babur ɗin ya amince da shi. A yawancin babura kuloci na cikin mai ɗaya da inji, don haka ake neman wanda ke ɗauke da alamar JASO MA. Wasu mayukan mota na sa kuloci sulɓi. A duba ma'aunin mai kowace safiya, kuma a yi juye da wuri a lokacin zafi da ƙura.

Na biyu shi ne tsabtar fukafukan silinda. Ƙura da ta haɗu da mai ta daskare a kansu tamkar bargo ce. A wanke su da safe lokacin da inji ke da sanyi. Ba a watsa wa inji mai zafi ruwan sanyi, domin ƙarfen na iya lanƙwashewa ko tsagewa.

Na uku shi ne saitin kafireta. Wasu kan sa a matse fetur don tsimi, alhali idan iska ta yi wa fetur yawa inji ƙara zafi yake yi. Bakin fulogi na nuna gaskiya: launin ƙasa-ƙasa alama ce ta daidaito, fari fat kuwa alama ce ta zafi.

Idan tsayuwa za ta daɗe, a kashe inji. A guji tafiya da rabin kuloci cikin cunkoso. Mai babur mai lagireto ya tabbatar fankarsa na tashi da kanta, kuma kada ya buɗe murfin lagireton da zafi, don ruwan na iya yin tsartuwa ya ƙona shi.

Iskar taya kuma da safe ake auna ta. Tana ƙaruwa idan taya ta ɗauki zafi, kuma kuskure ne a rage ta a lokacin. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ta fi saurin zafi da fashewa.

Jikin mahayi

Zafin fatar ɗan'adam bai cika wuce digiri 35 ba. Idan iska ta fi haka zafi, bugun da take yi wa mahayi ƙara masa zafi take yi. Don haka ƙaramar riga mai gajeren hannu ba ta taimako a Madina. Abin da ya fi shi ne sutura mai haske, mai dogon hannu, wadda ba ta matse jiki ba, da safar hannu, da takalmi rufaffe, da dogon wando mai kauri saboda salansa. Makiyayan hamada da ke rufe jikinsu ruf sun daɗe da sanin wannan.

Busasshiyar iskar garin na da amfani ɗaya: ruwa na saurin bushewa, yana tafiya da zafi. Jiƙa rigar ciki ko ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya na sanyaya jiki na ɗan lokaci. Hular kwano ba a cire ta saboda zafi. A zaɓi fara mai ƙofofin iska, kuma kada a bar ta a rana.

Mai aiki cikin irin wannan yanayi na iya zubar da lita ɗaya ko fiye na gumi a awa guda, ba tare da ya ga jikinsa ya jiƙe ba. A riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin a ji ƙishirwa, a haɗa da ruwan gishiri da sukari idan aikin ya yi tsawo. Fitsari mai duhu gargaɗi ne.

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da murɗawar tsoka na nufin a tsaya a inuwa nan take. Idan mutum ya fara ruɗewa, ko maganarsa ta rikice, ko ya suma, zafin jikinsa na iya haura digiri 40, kuma hakan na kisa. A kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi, a yi masa fifita, sannan a kira motar agajin gaggawa ta Saudiyya a lamba 997. A aikin Hajjin 2024 hukumomin ƙasar sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka.

Doka da zaɓen lokaci

Kowace shekara, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ma'aikatar da ke kula da ƙwadago ta Saudiyya na haramta wa kamfanoni masu zaman kansu sa ma'aikata aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma. A Qatar haramcin ya fi tsawo, daga 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tun daga 1 ga Yuni. Matsalar ita ce lokacin ya yi daidai da na abincin rana, sa'ad da saƙonni ke yawa, kuma wanda ake biya bisa yawan saƙon da ya kai yakan ji nauyin tsayawa.

Wannan ba baƙon lamari ba ne ga 'yan acaɓa a Sakkwato da Katsina, ko 'yan kabu-kabu a Maradi, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Injinan iri ɗaya ne, matakan ma haka. Hutun minti goma a inuwa, a kashe babur a sha ruwa, ya fi arha a kan sauke inji ko kwanciya a asibiti.