Kabarin Filib na Hesse da Uwargidansa Kristina a Kassel

A cikin majami'ar Martin da ke birnin Kassel a tsakiyar Jamus akwai wani ginin tunawa da aka sassaƙa da dutsen marmara da farin dutsen alabasta, tsayinsa ya kusa mita 12. An yi shi ne domin Filib, sarkin ƙasar Hesse, da uwargidansa Kristina, 'yar gidan sarautar Saksoni.

An haifi Filib a 1504. Shi ya shigar da ƙasarsa tafarkin Furotesta a 1526, ya kafa jami'ar Marburg a 1527. Ya auri Kristina a 1523, suka haifi 'ya'ya goma. A 1540 ya yi mata kishiya, Margarethe von der Saale, bayan malaman addini Martin Luther da Melanchthon sun ba shi izini a asirce. A dokar daular wancan zamani, tara mata biyu laifi ne da hukuncinsa kisa. Da asiri ya tonu, sai ƙarfinsa a siyasa ya ragu. Sarkin daula Karl na Biyar ya tsare shi daga 1547 zuwa 1552, Kristina kuwa ta rasu a 1549 mijinta na tsare.

Da Filib ya rasu a 1567, aka raba ƙasar tsakanin 'ya'yan Kristina maza huɗu. Babbansu, Wilhelm na Huɗu, wanda ya gaji Kassel, shi ya ba da aikin ginin. Masassaƙi Elias Godefroy, mutumin Cambrai, ya fara, ajali ya riske shi a 1568, sai almajirinsa Adam Liquir ya ƙarasa a 1572.

Tsarin ginin irin na ƙofar nasara ta Romawa ne. Mutum-mutumin Filib na tsaye a gefe ɗaya sanye da sulke, na Kristina a ɗaya gefen. Amarya Margarethe ba ta da gurbi a nan, a garin Spangenberg aka binne ta a 1566. Dutsen ya nuna auren da magada suka fito daga cikinsa ne kaɗai.

A watan Oktoba na 1943 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Kassel ruwan bama-bamai, majami'ar ta ƙone. Da aka sake gina ta bayan yaƙi, an ɗauke ginin daga ƙuryar majami'ar inda aka fara kafa shi, aka mayar da shi babban zaurenta, kuma can yake har yau.