Taron Sabo da Baitulmalin Gari: Tun 1916 Waye Ke Biya?

Duk shekara idan watan Maulidi ya kama, gardama ɗaya ce ke tashi a majalisun unguwar nan: a rubuta wa ƙaramar hukuma takardar neman tallafi, ko a ci gaba da zagayawa da littafin karo-karo? Wasu su ce haƙƙinmu ne tunda muna biyan kuɗin rumfa da na tasha. Wasu su ce wanda ya ba ka riga shi zai faɗa maka ranar sa ta. Gardamar nan fa ta girme mu duka, tushenta yana can ranar da aka yanka filin Sabo.

Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, bayan shekara 10 layin ya kai Kano. Daga nan goro ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa, kakanninmu kuma suna tsakiyar cinikin biyu. Da farko a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarbawa. Sai a 1916 aka keɓe musu wannan wuri kusa da Mokola, aka ce kowane Bahaushe ya dawo nan ƙarƙashin sarkinsa. Sarkin Hausawa shi ke sasanta rigima, shi ke sanin baƙon da ya sauka, shi ke amsa kiran Baale da Bature. Abu ɗaya ne ba a ba shi ba: baitulmali. Harajin da aka tara ya wuce asusun En'e ta Ibadan, hukumar da ta gina zauren Mapo da aka gama a 1929.

A nan muka bambanta da gida. A Kano ko Katsina, mai hawan Sallah shi ne shugaban En'e, hakimai da dogarai duk albashinsu daga baitulmali yake fitowa. Ba wanda zai tambayi waye zai biya, domin biki da hukuma abu guda ne. Mu kuwa mun zo da son taro, amma asusun ya tsaya can.

To wa ya riƙa biya? Masu gida. Yaran yanzu idan sun ji kalmar sai su ɗauka mai karɓar kuɗin haya ake nufi. A'a. Maigida a Sabo shi ne mai saukar da fatake, ya ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kuɗi, yaransa dillalai su sayar musu da shanu, shi kuma ya tsaya wa mahaucin da ya ɗauki sa bashi. Mutumin da sana'arsa kacokan amana ce, dole a ga hannunsa a bainar jama'a. Shi ya sa tuwon malamai, ragon sadaka, sallamar makaɗa da maroƙa, duk daga la'adar goro da shanu suke fita. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna cikin unguwar nan a farkon shekarun 1960, lokacin mutanenta sun ɗan haura 4,000, kuma yawancin abin da ya rubuta a kan waɗannan masu gida ne.

Da siyasar jam'iyyu ta shigo, mulkin En'e ya fara ja baya, kansiloli zaɓaɓɓu suka karɓi gari, kujerar sarkinmu ta rage nauyi a wajen hukuma. A daidai wannan lokaci ɗarikar Tijjaniyya ta game unguwa, a 1952 kuma mutanen Sabo suka fara Juma'arsu a nasu masallaci. Ka ga babban taro ya koma na kowane mako, kuma ko sisin kwabo na hukuma babu a ciki. Mun samu 'yanci da wannan, ba shakka. Amma mun kuma saba wa masu mulkin gari da kallon Sabo a matsayin unguwar da ke ɗaukar nauyin kanta, wadda ba a tuna ta sai zaɓe ya matso.

Gyaran 1976 ya mai da ƙananan hukumomi tsari ɗaya a duk ƙasa. A 1991 aka raba birnin Ibadan gida 5, muka faɗa Ibadan ta Arewa. Tsarin mulkin 1999 ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kuma kowa ya san yadda kuɗi ke ramewa a wannan hanya. Wato sau da yawa wanda muke son roƙo shi ma jira yake.

Kada kuma mu zaci maƙwabtanmu asusun kansila ne ke riƙe da bukukuwansu. Dubi Ojude Oba na Ijebu Ode, wanda ake yi bayan Babbar Sallah, asalinsa ma gaisuwar Musulmin garin ce ga Awujale. Ƙungiyoyin sa'anni su ke ɗinka ankonsu, gidajen mahaya su fito da dawakinsu, kamfanin Globacom kuma ya daɗe yana ɗaukar nauyi. Da 'ya'yan gari masu hali bikin ya ƙasaita, kamar dai masu gidanmu na da.

Abin da ya canza shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma ƙofa ta buɗe, kuma a ganinmu ya kamata kwamitin unguwa ya shiga ta da wayo. Tsarin mulki ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: tituna da fitilunsu, magudanun ruwa, kwashe shara, banɗakunan jama'a, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu. Ai rabin wahalar ranar Maulidi ke nan. Idan muka nemi kuɗin shinkafa da lasifika, alfarma muka roƙa, mai bayarwa kuma zai so kujerar gaba da makirufo. Idan muka nemi motar shara washegarin taro, da yashe kwata kafin damina, da gyaran fitilun hanyar da jerin gwano ke bi, aikinsu muka tuna musu, kuma ba sai an tambayi ɗan da aka haifa a Sabo takardar asalin gari ba.

Sai dai takardar ta isa tun kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa kasafi, ta hannun kansilan mazaɓarmu, da sa hannun Sarki da limamai. Wadda aka kai saura kwana 10 a yi taro, a aljihun tebur take kwana.