Ɗan maƙerin da ya ɗaura wa keke inji

Mun saba ganin sunan Honda a jikin babur da mota, amma kaɗan daga cikinmu suka san mai sunan ɗan maƙeri ne. An haifi Soichiro Honda a 1906 kusa da Hamamatsu ta ƙasar Japan, mahaifinsa yana ƙira yana gyaran kekuna. Bom ya rushe masana'antarsa ɗaya a 1944, girgizar ƙasa ta rushe wata a 1945, ya sayar wa Toyota abin da ya saura.

Bayan yaƙi abin hawa ya yi wuya. A 1946 ya sayo ƙananan injina kimanin 500 da soja suka bari, masu ba rediyo wuta, ya ɗaɗɗaura su a kekuna. Da suka ƙare sai ya ƙera nasa, kamfanin ya kafu a 1948.

A ganinmu, ba don Takeo Fujisawa ba, wanda ya riƙe kuɗi da ciniki tun 1949, da basirar nan ta tsaya a maƙera. Shi ya nemi babur ɗin da yaro mai kai taliya gidaje zai tuƙa da hannu ɗaya. Aka fito da Super Cub a 1958, mota ta biyo baya a 1963. Zuwa 2017 an ƙera Super Cub miliyan 100.