Holi: Bikin Watsa Launi Da Muka Daɗe Muna Kallo A Majigi



Kwanakin baya aka kawo wata magana zauren dattijonmu a nan Paris-Congo. Wasu samari ne suka so su watsa wa juna garin launi a wajen bikin abokinsu, iyaye kuma suka rabu biyu: wasu suka ce wasa ne na fim, wasu suka ce bautar gumaka ce. Dattijo ya ce kada a yanke hukunci a kan abin da ba a san asalinsa ba, ya ɗora mana binciken. Ga abin da muka samo.

A majigi muka fara ganin abin. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka riƙa kawo finafinan Indiya Kano, daga baya kaset ya bi fatake har gidajen kallo na unguwanninmu. A Mother India na 1957 akwai wasan launin. A Sholay na 1975 ma, Dharmendra da Hema Malini suna tsakiyar wasan ne mutanen Gabbar suka auka wa ƙauyen. Mun tafa, mun haddace amon waƙar, ba mu taɓa tambayar ranar mece ce ba.

Sunan bikin Holi, kuma biki ne na addinin Hindu. Ana yin sa ranar da watansu mai suna Falguna ya cika, ƙarshen sanyi, yawanci cikin Maris. Da yake da farin wata ake lissafinsa, kullum yakan faɗo kusa da sha huɗu ga watanmu. A daren jajibere suna tara itace a dandali su cinna wuta, su kewaye ta da addu'o'insu. Labarin da suke bayarwa shi ne, an yi wani sarki Hiranyakashipu da ya tilasta wa mutane su bauta masa, ɗansa Prahlada ya ƙi, ya riƙe bautar Vishnu. Sarkin yana da 'yar uwa, Holika, wadda aka ce wuta ba ta cin ta. Ta rungumi yaron ta shiga wuta da shi, sai ita ta ƙone, yaron ya fita lafiya. Wutar jajibere tunawa ce da wannan. Duk wanda ya zauna gaban malam zai ji ƙissar Annabi Ibrahim (AS) da Namarudu ta faɗo masa a rai. Mu dai kamar ta faɗo mana, amma kama da wane ba ta wane, ba mu haɗa su ba.

Launin kuwa wani tushe gare shi dabam. Suna cewa Krishna, wanda jikinsa ke da duhu, ya shafa wa masoyiyarsa Radha launi a fuska. Shi ya sa a Mathura da Vrindavan ake shafe kwanaki ana bikin, a garin Barsana kuma mata kan fito da sanduna su jibgi mazan Nandgaon, mazan na karewa da garkuwa. Washegarin wutar, babba da yaro, mai gida da bara, kowa na shafa wa kowa gari, wanda a da daga furanni da kurkum ake yin sa. Da yamma a yi wanka, a sa tufafi masu tsabta, a ziyarci dangi da kayan zaƙi, masu gaba su shirya. Wasu kan sha abin sha mai haɗe da wiwi, wannan kam ba ma buƙatar dogon bayani a kansa.

Musulmi sun rigaye mu nazarin waɗannan al'amura. Al-Biruni, wajen shekarar 1030, ya koyi harshen Sanskrit ya rubuta littafi sukutum kan Indiya, har da babi kan bukukuwansu, bai bar addininsa ba. Sarkin Mughal Jahangir ma ya ambaci Holi a tarihin rayuwarsa. Sai dai zaman bai zama lami lafiya kullum ba: a 2025 Holi ya faɗo ranar Juma'a, 14 ga Maris, tsakiyar azumi, har aka lulluɓe wasu masallatai da tamfol a jihar Uttar Pradesh, aka jinkirta sallar Juma'a a wasu garuruwa.

Da muka karanta wa dattijo wannan, ya ce wutar ibadarsu ce, ba mu da rabo a ciki; launin kuma tunda ga tushensa, samari su haƙura. Sa'an nan ya tambaye su ko sun san wasan wowwo na daren cika-ciki, da kuɗin shara da taubasai ke karɓa wajen juna. Cikin samari shida, ɗaya ne ya taɓa ji, shi ma a bakin kakarsa.