Asalin Taron Mako da Rumfar Awon Lafiya a Ƙungiyoyin Rotary da Lions

A ranar 30 ga Yuni, 2025, aka cika shekara ɗari cif da jawabin da Helen Keller, baiwar Allahn nan ta Amurka wadda aka jarrabe ta da makanta da kurumta tun tana jaririya, ta yi wa babban taron ƙungiyar Lions a Cedar Point ta jihar Ohio, inda ta roƙe su su mai da yaƙi da makanta aikinsu. Da yake ɗan Adam yana son kowane babban al'amari ya kasance yana da ranar haihuwa guda, sai mutane da yawa suka riƙi wannan jawabi a matsayin tushen rumfunan nan da ake kafawa a bakin kasuwa ko a harabar makaranta, ana duba ido, ana auna hawan jini da sukari kyauta. Ruwayar ingantacciya ce, babu mai tuhumar isnadinta, amma a ganina ba ta wadatar ba, domin jawabi, komai balagarsa, ba ya raya aiki shekara ɗari. Abin da ya raya shi tsari ne maras armashi, wato zaman da mutanen nan suke yi kowane mako da dokokin da suka gindaya wa kansu a kansa.

Game da can baya, magana kaɗan ta isa. Attajirai da masu sana'a a Landan suna da majalisunsu a gidajen shan gahawa tun ƙarni na 17, kuma a 1727 Benjamin Franklin ya tara abokansa a Philadelphia suna zama kowane daren Juma'a, daga zaman nasu aka samu ɗakin karatu na aron littattafai a 1731. Masu neman tsawaita nasaba sukan ja silsilar har can, amma babu wata igiya da ta haɗa waɗannan da abin da ya faru a Shikago, in ban da kamannin ɗabi'a.

Abin da ya tabbata shi ne, a daren 23 ga Fabrairu, 1905, wani lauya mai suna Paul Harris, wanda ya tashi a wani ƙaramin gari na Vermont inda kowa ya san kowa, ya kuma sami kansa baƙo a birnin da maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, ya zauna da mutum uku: Silvester Schiele mai sayar da kwal, da Gustavus Loehr injiniyan ma'adinai, da Hiram Shorey tela. Suka yi ittifaƙi su riƙa zagaya ofisoshin juna da zaman, wannan ne mafarin Rotary. Bai kamata a ɓoye ba cewa muradinsu na farko zumunci ne da ciniki, har ma ƙungiyar ta Shikago tana da mai lissafin irin cinikin da 'ya'yanta suka kai wa juna. Saboda haka ne suka shar'anta cewa daga kowace sana'a mutum guda za a ɗauka, don kada kishiyoyin kasuwa su haɗu a teburi ɗaya. Aikin alherinsu na farko da aka sani, wanda suka fara fafutukarsa a 1907, shi ne gina makewayin jama'a a tsakiyar birnin. Zaman cin abincin rana na kowane mako kuwa ana jingina shi ga reshen Oakland da aka kafa a 1909, daga can sauran suka kwaikwaya. Kiwanis ta biyo baya a Detroit a 1915, sannan Melvin Jones, mai sana'ar inshora, ya kafa Lions a Shikago a 1917, dukansu a kan wannan ƙira.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan zama ba zai yi mamakin yadda aka tsananta a kansa. Shugaba ya kaɗa ƙararrawa a kan lokaci, a ci abinci, a gabatar da baƙi, a ci tarar wanda ya makara ko ya manta bajonsa, a zuba kuɗin a asusu, a saurari baƙon da aka gayyato ya yi lacca ta kamar minti ashirin, a kaɗa ƙararrawa a watse kowa ya koma bakin aikinsa. Shekaru da dama dokar Rotary ita ce, wanda ya rasa zama huɗu a jere ba da uzuri ba, ko ya kasa halartar kashi 60 cikin ɗari, to ya fitar da kansa. Wanda tafiya ta kama shi kuwa sai ya nemi wani reshe a garin da ya sauka ya zauna da su, ya kawo shaida, kamar dai mai ramuwar azumi. Marubuta sun yi musu ba'a, musamman Sinclair Lewis a littafinsa Babbitt na 1922, kuma ba'ar tana da gaskiyarta, don akwai riya da yabon kai a ciki. Amma mai ba'a bai lura da cewa mutum arba'in masu abin hannu, in aka wajabta musu ganin juna sau hamsin a shekara, ƙarshenta sai hirar ciniki ta ƙare musu, su fara neman abin yi ba.

A nan ne nake saɓa wa masu sauran fassarori. Wasu sun ce tausayi ne kawai ya kai su ga sha'anin lafiya, suna kafa hujja da Edgar Allen na Elyria, wanda mutuwar ɗansa a hatsarin jirgin titi a 1907 ta sa shi gina asibiti, sannan a 1919 ya jawo 'yan Rotary na Ohio ga hidimar yara guragu. Wasu sun ce talla ce, attajiri yana sayen suna da araha. Kowace fassara ta faɗi wani yanki na niyya, amma niyya ba ta bayyana dalilin da ya sa aka zaɓi awo musamman, aka bar jinya. Dalilin a wurina abu uku ne da suka sarƙe da juna. Dokar nan ta sana'a guda mutum guda ta sa kusan kowane reshe yana da likitansa, da mai kemis, da mai yin tabarau, suna zaune kusa da mai mota da mai ɗab'i da manajan banki, wato duk abin da rumfar awo take bukata yana teburi ɗaya. Sannan shugabancin reshe shekara guda ne tak, daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni, kuma wanda wa'adinsa wata goma sha biyu ne ba zai ɗauki aikin da ba zai ga ƙarshensa ba. Ya fi son wanda za a shirya a zama uku, a yi shi ran Asabar, a karanta adadin waɗanda aka duba a zama na gaba. Daɗin daɗawa, a taron Rotary na St. Louis a 1923, bayan doguwar jayayya tsakanin masu cewa aikin ƙungiya tarbiyyar mutum ɗaya ɗaya ce da masu son aikin gayya, aka yanke cewa kowane reshe shi ke da ikon zaɓar hidimar garinsu, hedikwata ba ta tilasta masa. Ƙaramin reshe mai ƙaramin asusu ba ya iya riƙe asibiti, amma yana iya kafa rumfa.

Kayan aikin ma sun taimaka, ko da yake ba rana ɗaya suka zo ba. Allon haruffan gwajin ido na Snellen yana nan tun 1862, shi ya sa ido ya riga komai. Ɗamarar awon jini ta Riva-Rocci ta fito a 1896, kuma a 1905, shekarar da Harris ya tara mutanensa, likitan Rasha Korotkoff ya gano yadda ake sauraron bugun jijiya a karanta awon. Sai dai auna abin da ba shi da magani wahalar banza ce. Shugaban Amurka Roosevelt kansa hawan jini ne ya kai shi ga ajali a 1945, likitocinsa suna kallo. Sai a 1967, da wani bincike a kan tsofaffin sojojin Amurka ya nuna cewa ƙwayoyi suna rage shanyewar jiki da gazawar zuciya, awon ya zama mai ma'ana, sannan ƙananan na'urorin awon sukari suka yaɗu a shekarun 1980. Rumfar da muka sani yau, ashe, ta fi jawabin Keller ƙuruciya da kusan rabin ƙarni.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan tarihi, domin reshen Rotary na farko a Nijeriya a Kano aka kafa shi, a watan Afrilu na 1961, kafin na Legas da 'yan makonni, shekara arba'in bayan na farko a Afirka, wato na Johannesburg. Bai taɓa zama na talakawan birni ba, kuma zato ya daɗe yana bibiyarsa: a 1978 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta ambaci Rotary da Lions cikin hukuncinta a kan ƙungiyar Mason, kamar yadda fadar Paparoma ta hana limamanta shiga Rotary a 1951. Wani abin al'ajabi na ƙaddara shi ne, lauyan Kano Jonathan Majiyagbe ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya a 2003, daidai shekarar da gwamnatin Kano ta dakatar da ɗigon rigakafin shan inna, aikin da ƙungiyar ta fi tinƙaho da shi tun 1985. Wanda ya tuna gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin sanƙarau na 1996 ba zai yi gaggawar kiran mutane jahilai ba, amma ɓarnar ta auku, cutar ta bi hanya har Sudan da Yaman da Indonesiya duk da an dawo da ɗigon a Yulin 2004. Sai da sarakuna da malamai suka shigo gaba sannan aka kai ga 25 ga Agusta, 2020, ranar da aka shaida nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Illar tsarin kuwa tana cikin abin da ya ba shi ƙarfi. Tun 1968 Wilson da Jungner suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya sharuɗɗan awon jama'a, cikinsu har da cewa dole a tanadi inda za a tabbatar da cutar a yi maganinta, kuma neman masu cuta ya zama aiki mai ɗorewa. Tsohuwar da aka ce wa jininta ya hau, aka ba ta ƙwayar mako biyu da takardar zuwa asibiti, ta koma gida da damuwa da ba ta zo da ita ba, alhali ciwon na sauran rayuwa ne, shugaban da ya kafa rumfar kuma zai sauka a Yuni. Aikin ido ya fi dacewa da su, tunda tabarau da cire yana abu ne da ake yi a gama.

A 2016 majalisar dokokin Rotary ta sassauta, ta ce reshe yana iya zama sau biyu kawai a wata, ido da ido ko ta intanet, annobar 2020 kuma ta tura da yawa kan waya. Matasa sun yi murna, suna cewa ba su da sa'a biyu ta ɓatawa a otal kowace Talata, dattawa suna cewa an rushe ginshiƙi. Ina tare da dattawan a wannan, bisa dalilin da ba su cika faɗa ba: in akwai mai iya ɗaukar jerin sunayen waɗanda aka auna ran Asabar, ya tambayi likitan reshe mako bayan mako wa ya je asibiti wa bai je ba, to mutanen da doka ta tilasta wa haɗuwa kowane mako ne, kuma rassa kaɗan ne suka taɓa sa wannan tambaya cikin ajandar zamansu.